"Duk Ɗaya Muke" ko "Kowa da Nasa": Wace Hanya Ce Ke Rage Ƙyamar Asali?

Laccar da aka gabatar gaban malamai, dattawa da matasa a Wad Haddad, jihar Jazira

 

An nemi in yi magana a kan ƙyamar da mutane ke yi wa juna saboda launin fata ko asali, da yadda za a rage ta. Masana zamantakewa sun daɗe suna ja-in-ja a kan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a kau da kai daga bambancin ɗungurungum: hukuma kada ta tambayi ƙabilar kowa, malami kada ya ambace ta a aji, kowa mutum ne kawai. Zan kira ta hanyar "duk ɗaya muke". Ta biyu ita ce a ambaci bambancin a fili, a san kowace al'umma da sunanta da harshenta, a ba ta wurinta a cikin ƙasa. Wannan kuma hanyar "kowa da nasa". Mu Hausawan Jazira da Nilul Azraƙ mun san duka biyun tun kafin mu karanta su a littafi, domin a kanmu aka gwada su.

Bari in fara da alherin hanya ta farko, don tana da shi. A Ruwanda, tun zamanin mulkin Beljiyam ake rubuta wa mutum ƙabilarsa a katin shaida. A shekarar 1994 wannan katin aka riƙa dubawa a shingayen hanya ana ware wanda za a kashe. Bayan kisan ƙare dangin, an cire ƙabila daga katin. Duk wanda ya san wannan labari ba zai raina mai cewa hukuma ta daina tambayar asali ba. Faransa ma ba ta ƙidayar mutanenta bisa launin fata, tana cewa ɗan ƙasa kaɗai ta sani.

To amma ku dubi abin da ya same mu. Kakanninmu sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa a kan hanyar Makka, wasu su zauna. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'ar da ta saura, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, Turawa suka buƙaci hannayen da za su yi ciyawa su tsinci auduga, mutanenmu na cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi. Sai ga dokar 1948 mai fayyace wane ne ɗan Sudan. Ta ce shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Dokar jinsiyya, wato zama ɗan ƙasa, ta 1957 ta riƙe wannan rana. Ku lura da kyau, sharaɗin bai ambaci Bahaushe ko Bafulatani ko Babarbare ba. Kwanan wata ne kawai, kuma a takarda ya hau kan kowa daidai. Amma 1897 ta riga Burmi da shekara shida, ta riga buɗe Jazira da kusan talatin. Ranar ita kaɗai ta isa ta bar dubban gidaje a waje. Daga baya an matso da ita, har dokar 1994 ta mai da ita 1 ga Janairu 1956. Duk da haka kun san abin da ke faruwa a gaban tebur. Mutum biyu za su shiga neman jinsiyya ko raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, ɗaya sunan ƙabilarsa ya wadatar, ɗaya kuma a ce ya kawo umda, wato mai gari, ya kawo shaidu, ya kawo takardar kakansa. Da yawa daga cikinku kun raka ɗa ko ƙane kun dawo hannu rabbana. In ka yi ƙorafi, sai a ce maka ai doka ba ta san ƙabila ba.

Nan ne babban aibin wannan hanya yake. Wanda ya rantse ba ya ganin bambanci, yakan kasa ganin zaluncin da aka yi saboda bambancin. An gwada haka a Amurka. A wani bincike da Evan Apfelbaum da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, an ba yaran firamare labari iri biyu: wasu aka koya musu cewa launi ba abin kulawa ba ne, wasu kuma cewa bambanci abu ne da ake gani kuma ake darajantawa. Sannan aka ba su labarin yaron da aka zalunta saboda launinsa. Yaran rukunin farko sun fi kasa gane cewa wariya ce aka yi, kuma yadda suka ba da labarin bai kai ya sa malami ya tashi tsaye ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Sau da yawa mai cewa "duk ɗaya muke" abin da yake nufi shi ne kowa ya zama irinsa. A Disamba 2010, a Gadarif, Umar al-Bashir ya shaida wa taro cewa in Kudancin Sudan ya ɓalle, an gama maganar bambancin al'adu da ƙabilu, Larabci ne harshen ƙasa. Kudu ta ɓalle a 2011, amma Nuba da Fur da Beja da Berta da mu duk muna nan. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi a kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. Sajewar harshe ba laifi ba ce, maƙwabtaka ce ke kawo ta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yarinyar da ke jin kunyar amsa wa kakarta da Hausa a cikin mota don kada a ji. Ita an koya mata cewa kafin ta zama ɗaya da kowa sai ta ɓoye gidansu.

Saboda haka mutum zai ce mu koma hanya ta biyu. Kanada ta ɗauke ta a matsayin manufar gwamnati tun 1971. Mu ma tsarin mulkin wucin gadi na 2005, wanda ya biyo bayan yarjejeniyar Naibasha, ya bayyana Sudan a matsayin ƙasa mai ƙabilu da al'adu da harsuna da yawa, ya kuma kira harsunan ƙasar duka harsunan ƙasa. Magana ce mai daɗi, kuma na yi murna da ita. Binciken Jennifer Richeson da Richard Nussbaum na 2004 ya nuna cewa ɗalibai farar fata da aka karanta wa saƙon "kowa da nasa" sun nuna ƙarancin ƙyama idan aka kwatanta da waɗanda aka karanta wa saƙon kau da kai. Amma wani bincike na Christopher Wolsko da abokansa a 2000 ya gano cewa saƙon "kowa da nasa" yana ƙara wa mutane ɗabi'ar yi wa ƙabila kuɗin goro, wato su waɗannan haka suke, su waɗancan haka suke. Mu ma mun san wannan. Duk Sudan na son agashe, gasasshen namanmu, ana tunawa da 'yarmu A'isha al-Fallatiyya wadda ta shiga sahun matan farko da suka yi waƙa a rediyon Omdurman. Amma yabon agashe bai taɓa sa wani jami'i ya buga hatimi a takardar ɗan mai agashen ba.

Haɗarin gaske yana zuwa ne idan aka ɗaure sanin ƙabila da mallakar ƙasa. Turawan Ingila sun gina mulkinsu a kan idara ahliyya: kowace ƙabila da nazirinta da yankinta. Numairi ya rushe tsarin a farkon shekarun 1970, gwamnatocin da suka biyo baya suka dawo da shi. A ƙarƙashinsa, wanda ba shi da nazir baƙo ne ko da kakansa a nan aka binne shi. Shi ya sa 'yan'uwanmu na Nilul Azraƙ suka nemi tasu sarautar. Maƙwabtansu suka ji wannan a matsayin neman ƙasa. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke, ya ci Rusairis da kewayenta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubun dubata suka bar gidajensu, Hausawa suka fita zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum. Ba na zargin wanda ya nemi sarauta, domin ƙofar da aka bar masa ke nan. Ina zargin tsarin da ya ce haƙƙinka na gona da kotu sai ya bi ta hannun basaraken ƙabila.

Ba mu kaɗai ba ne. Tsallaken iyaka, a yankin Benishangul-Gumuz na Habasha, tsarin mulkin yankin ya lissafa ƙabilu biyar a matsayin masu ƙasa, ciki har da Berta, sauran kuwa mazauna ne, kuma an zubar da jini a Metekel. A Jos ta Nijeriya, gardamar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo ta ci rayuka a 2001 da 2008 da 2010.

Ga inda na tsaya. A ofishin jinsiyya, da kotu, da rajistar fili, da rabon ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, da ɗaukar aiki, ina son hukuma ta rufe ido ruf: sharaɗi ɗaya, shaida iri ɗaya ga kowa, a rubuce inda kowa zai karanta. Amma a wajen bincika ko ana yin adalcin, dole ta buɗe ido, ta ƙidaya takardun su wa aka mayar, unguwannin su wa ba su da makaranta da famfo. A makaranta da rediyo da littafin tarihi kuwa, a kira kowa da sunansa, a koya wa ɗan Shandi labarin Mai Wurno, a koya wa ɗan Mai Wurno labarin daular Funj. Sarautar gargajiya ta tsaya a kan sulhu da aure da al'ada, a raba ta da ikon cewa wane ne zai yi noma.

Dattawa, ku gafarce ni, akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Mu ma muna da sunayen raini da muke kiran wasu da su a cikin gidajenmu, 'ya'yanmu suna ji. A kewayenmu akwai kanabi, wato matsugunan da ake kira kambo, inda ma'aikatan gona, da yawansu 'yan asalin Darfur da yammacin ƙasa, suka yi zuriya bayan zuriya ba hawasha, wato gona a aikin Jazira, ba takardar fili. A Janairun 2025, a kwanakin da sojoji suka sake karɓar Madani daga hannun dakarun Da'am Sari', an kai wa wasu kanabi hari bisa zargin mutanensu da goyon bayan waɗannan dakaru. Hukuncin kuɗin goro ne, irin wanda muka yi kuka da shi a 2022. Gordon Allport ya nuna tun 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyama ne idan mutane sun haɗu a matsayi ɗaya, a kan aiki ɗaya, da goyon bayan masu iko. Zaman mai hawasha da ɗan ƙwadago bai cika wannan sharaɗi ba, ko da sun shekara hamsin suna gaisawa. Kwamitin makaranta zai iya cika shi, haka kwamitin gyaran tur'a da na asibiti, idan ɗan kambo ya zauna a ciki da ƙuri'a irin ta kowa. Waɗannan kwamitoci a hannunmu suke, kuma yanzu da ake sake kafa su bayan ɓarnar yaƙi, ina roƙon umda da shehunan unguwanni su aika wa kanabin da ke kusa da mu su turo wakilansu tun zaman farko.