Ciwon Cinya Da Maganin Lantarki

Yau maganarmu a kan wani ciwon cinya ne da ake kawo mana ɗakin magani. Mutum ya ce gefen cinyarsa na waje yana raɗaɗi kamar an shafa barkono, ko yana mijirya, ko kuwa fatar ta sage. Tsayuwa da doguwar tafiya su ƙara shi, zama ya rage shi.

Ga dalilin. Akwai wata jijiya siririya da ta fito daga ƙashin baya, ta ratsa wani matsattsen wuri gaban ƙashin kwatangwalo, daidai inda mazagin wando yake zama. Aikinta kai labarin fatar cinya ga ƙwaƙwalwa, ba ta motsa ƙafa. Abubuwan da suke matse ta su ne ɗamara mai tsauri, da mazagi, da teɓa, da juna biyu. Masu ciwon sukari sun fi kamuwa.

Magani na farko ba ya cin ko kwabo. A sassauta ɗamara, mai ƙiba ya rage ƙiba. Yawanci cikin 'yan watanni ciwon yakan tafi, mai ciki kuwa bayan ta sauka.

In ya ƙi tafiya, akwai wani ɗan akwati mai batir. Ana manna faifansa a fatar cinya, ya riƙa aika lantarki kaɗan kaɗan, kamar minti 20 zuwa 30. Za ka ji kamar tafiyar kiyashi. A 1965 ne masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa labarin taɓawa yana iya tare wa labarin zafi hanya a cikin laka. Shi ya sa mukan murza wurin da muka buge. Amma ku lura, akwatin nan zafi yake ragewa, ba ya kwance matsin. Waɗansu yana yi musu amfani, waɗansu ba ya yi. A manyan asibitoci akan dasa siririyar waya kusa da jijiyar, in sauran magunguna sun gaza.

Kada a ɗora shi kan gyambo. Wanda aka dasa wa na'urar zuciya kada ya yi amfani da shi. Mai ciki ta tambayi likita tukuna. Kada kowa ya kuskura ya gwada da wayar lantarkin gida, wannan halaka ce. Kada kuma a yi wa fatar da ta sage ƙaho ko sakiya, gama ba matacce jini ne ba, rauni kawai za a ƙara.

In ƙafa ta yi rauni, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan wani ciwo ne dabam, a garzaya asibiti ran nan.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.