Gyaran Kujerar Tsohuwar Mota: A Duba Ƙarfe Kafin A Zaɓi Riga

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Kpakungu, Minna.



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, malamanmu, iyayenmu, da sauran 'yan'uwa, muna yi muku barka da zuwa. Da aka ce za mu yi magana a kan kujerar mota, mun ga wasu suna murmushi, wai duk matsalolin da ke damun unguwa a rasa abin tattaunawa sai wurin zama. To, a yi mana haƙuri a saurara. Mu 'yan kasuwa rabin rayuwarmu a kan kujerar mota take, yau Bida, gobe Suleja, jibi Kaduna ko Kano. Kuma akwai abin da ya same mu a ƙungiyar nan wanda bai kamata a bari ya wuce ba tare da an ɗauki darasi ba.

Duk wanda ya kai shekarunmu ya san Peugeot 504, wato Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, kuma daga 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 Minna ta zama babban birni, ita ce motar da muka buɗe ido muka ga ma'aikata suna hawa. Ba motar ofis ce kawai ba. Ita ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, sa'an nan 'yar'uwarta mai ƙofa biyu ta sake ci a 1978. Saboda haka matasanmu da ke sha'awar tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu, irin su Toyota Celica da Honda Prelude, ba mu ga laifinsu ba, mu ma mun yi namu yayin. Ga shi kuma tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, aka zo aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancinmu. Wanda yake da tsohuwa sai ya lallaɓa abarsa. Shi ya sa masu ɗinkin kushin suke samun aiki a yanzu.

To ga abin da ya faru. Kun san Fijon ƙungiya mai dogon baya, wadda muke kai marasa lafiya asibiti da ita, muke zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya. Kujerunta sun yayyage har soso ya fito, muka ji kunya, muka yi karo-karo muka kai ta aka yi mata sabuwar riga ta jar leda. Ranar da aka dawo da ita har yara suka riƙa leƙe ta gilashi. Ba a yi wata biyu ba muka ɗauki hanyar Bida za mu ɗaurin aure. Kafin mu kai Kataeregi motar ta faɗa wani rami, sai kujerar direba ta ɓalle daga baya ta kwanta da shi. Ƙafarsa ta bar birki, hannunsa ya saki sitiyari, muka gangara gefen hanya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma dattijonmu ɗaya ya karye a hannu, ya yi wata uku ba ya zuwa kasuwa.

Da aka ɗaga kafet sai muka ga ƙasan motar tsatsa ta cinye shi, wurin da noti yake riƙe da kujera ya zama kamar busasshen ganye. Mai ɗinkin ya gani lokacin da ya kwance kujerar, bai faɗa ba. Mu kuma ba mu tambaya ba, launin leda kawai muka tsaya muna gardama a kai. Laifin namu ne da shi baki ɗaya. Kyan ɗan maciji muka saya da kuɗinmu.

Jama'a, kujerar mota hawa huɗu ce, kuma daga ƙasa ake fara duba ta.

Na farko, ƙasan motar da ƙarfen da kujera ke gudu a kansa. Yawanci noti huɗu ne ke riƙe da kujerar gaba. Daminar Minna doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, ruwa yana shiga ta robar ƙofa da ta gilashi ya kwanta a ƙarƙashin kafet, ba wanda ya sani. In an kwance kujera, a ɗaga kafet a ƙwanƙwasa wurin da guduma. In ya lotsa ko ya huje, mai walda za a fara nema, ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe mai kauri, ba ya liƙa gwangwani a kai ba. Notin ma a duba kansa. Na ƙwarai za a ga an buga masa lamba 8.8 ko 10.9, alamar ƙarfe ne mai tauri. Wanda ake haɗa gado ko ƙofar shago da shi ba na nan wurin ba ne.

Na biyu, ƙashin kujerar da sifirin ɗinta, da makullin da ke riƙe majingina. A zauna a kai, a tura baya da ƙarfi. In ta motsa ko ta yi ƙara, akwai magana. Kujerar motoci masu ƙofa biyu ta fi saurin lalacewa a nan, domin kullum ana karya ta gaba don na baya su shiga.

Na uku, soso. A nan ake yawan yi mana wayo, domin da an rufe shi ba a sake ganinsa. Akwai mai nauyi, akwai mara nauyi irin na matashin kai. A ɗauka a ji nauyinsa a hannu, a danna da babban yatsa a ga ko zai dawo nan take. Mara nauyi kafin Sallah ta zagayo ya kwanta, direba ya koma zama a kan ƙarfe. Da yawa daga cikin direbobinmu masu kukan ciwon baya, a duba abin da suke yini a kai. Kuma kada a cika soso har kan direba ya kusa taɓa rufi ko cinyarsa ta riƙa gogar sitiyari.

Sai na huɗu, riga, wadda ita ce kowa yake fara tambaya. Leda tana da sauƙin gogewa, ta dace da mai ɗaukar manja ko kifi ko yara. Amma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kusan kai digiri 40 a garin nan, baƙar leda ba ta zaunuwa, kuma mai araha tana tsattsagewa. Yadi yana shan iska, ba ya ƙona jiki, sai dai yana riƙe ƙurar hunturu da tabo. Fata ta gaske ta fi daɗewa in ana shafa mata mai, amma tana da tsada. Mu da muka fito daga Kano da Sakkwato mun san fata, jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai. Sai dai fatar akuya ƙarama ce kuma ba kauri, ta saniya ake yi wa kujera. Duk wanda ya ce zai yi maka kujera da fata a farashin leda, to leda ce. A ce wa mai ɗinki ya farke tsohuwar rigar ya yi awo da ita, ya yi amfani da zaren nailan, kuma kada ya matse ɗinkin sosai, domin allura in ta yi kusa da juna tana yanka leda kamar reza.

Akwai abubuwa uku da muke roƙon kada a bari a taɓa su saboda ado.

Bel ɗin ɗaura jiki. Wani injiniyan kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, shi ya fito da irin wanda muke amfani da shi a 1959. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi daga 1 ga Janairun 2003. Amma sau nawa ake dawo mana da mota an tura bel ɗin baya ƙarƙashin kujera, ko ma an yanke shi don riga ta kwanta sumul? Karo a gudun kilomita 50 kacal daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar bene mai hawa uku. Ba hannun da zai riƙe mutum a wannan hali.

Majinginar kai. Wasu suna cire ta wai tana tare hira da na baya, ko tana ture hula. Ita ke kare wuya in an bugi mota ta baya. A mayar da ita, a ɗaga ta daidai da tsayin kai.

Jakar iska. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara sa jakar iska a gefen kujerun wasu motoci. Ɗinkin wurin da gangan aka yi shi yadda zai yage in jakar ta tashi. In aka rufe shi da leda mai kauri da zare mai ƙarfi, an ɗaure ta ke nan. A duba gefen kujera, akwai rubutun da ke nunawa.

Yanzu ga 'ya'yanmu masu motocin gudu. Mun san kuna zuwa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ku sayo kujerun wata mota masu rungume jiki, ku ce a dasa muku. Ba mu hana ku ba. Amma in ramukan noti ba su zo daidai ba, kada ku yarda a ɗiga walda a wuri biyu a ce an gama. A yi mata gindi na ƙarfe mai kauri, a ɗaure da noti huɗu, bel ya koma mazauninsa. In ba za a iya haka ba, gyara kujerar asali ya fi, kuma ko wajen sayarwa mai saye ya fi son ya ga ta asali. Ku tuna shataletalen Kpakungu ba filin tsere ba ne, akwai 'yan makaranta da masu talla.

Mu kuma dillalai da masu sayar da mota, maganar ta shafe mu ta wani gefen. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa ɓoye aibin kaya ga mai saye haramun ne. Wanda ya san ƙasan motarsa ya ruɓe, ya sa mata sabuwar leda ya kai kasuwa ya yi shiru, ba riba ya ci ba, alhakin rai ya ɗauka. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, muna zaune lafiya da Gbagyi da Nufawa da Yarbawa da Ibo. Jarinmu a cikinsu shi ne a ce Bahaushe in ya faɗi magana haka take. Mota ɗaya ta algus tana iya zubar da sunan da iyayenmu suka yi shekaru suna ginawa.

Saboda haka muna kawo wa ƙungiya shawara uku. Ta ɗaya, duk wanda zai kai aikin kujera ya tsaya a kwance ta a gabansa, a rubuta irin soso da leda da kuɗi da ranar karɓa a takarda, da shaida, don a rage ƙarar da ake kawowa gaban Sarki. Ta biyu, kafin tafiye-tafiyen Sallah a sa rana ɗaya da makanikai da masu waldarmu za su duba kujeru da bel na motocin 'yan ƙungiya, a fara da tamu. Ta uku, a ciri wani abu daga asusu a sa yara biyu su koyi wannan sana'a a wurin duk gwanin da aka samu, ko wane yare yake ji. Jarin bai wuce keken ɗinki mai ƙarfi da almakashi da tebur ba, kuma muddin tsofaffin motoci suna kan hanya ba za su rasa aiki ba.

Ita kuwa Fijonmu, an yi mata waldar da ya kamata a yi tun farko, jar ledar tana nan ba abin da ya same ta. Wanda yake so ya ga inda ta ɓalle, tana ƙofar ofis, in an tashi sai mu ɗaga masa kafet.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah ya ƙara wa dattijonmu lafiya, ya tsare mu a hanyoyinmu.