Ɗan Sanda, Ɗan Doka da Dogari: Abin da Suna Yake Koya wa Yaro

 

Abin da ya jawo wannan jawabi ƙarami ne. Wata rana a ɗakin malamai, wani abokin aikinmu mai koyar da Turanci ya shigo yana dariya. Ɗalibi ne ya tambaye shi ma'anar kalmar "cop" da yake yawan ji a finafinan Amurka. Ya amsa masa cewa ɗan sanda ke nan a bakin 'yan titi. Sai yaron ya ce ai ya ji an ce babban taron duniya kan sauyin yanayi ma sunansa ke nan, to 'yan sanda ne suke taruwa? Mun yi dariya, amma da muka natsu sai muka ga tambayar tana da nauyi, domin ta sa mun waiwayi namu harshen.

Bari mu sallami Turancin tukuna. Asalin kalmar aikatau ce da ke nufin cafke ko damƙe, daga nan aka kira mai kamun da ita. Har yau Bature yana amfani da ita wajen samun abu, ko sayensa, ko shan hukunci. Sunan taron yanayi kuwa haruffan farko ne na wasu kalmomi, haɗuwar sauti ce kawai. Mutanen Ingila suna da wani laƙabin, "bobby", wanda suka ciro daga sunan Robert Peel, ministan da ya kafa rundunar 'yan sandan birnin Landan a 1829. Wato Bature ya raɗa wa jami'in suna ko dai daga aikin hannunsa, ko daga mutumin da ya kafa aikin.

Mu kuma daga ina muka ciro namu? Mafi tsufa a cikinsu shi ne dogari. Tun kafin zuwan Turawa, dogarai ne masu tsaron sarki, su ne masu kamo mai laifi, su ne masu zartar da hukuncin da aka yanke a fada. Mu mutanen Ungogo ba ma bukatar a kwatanta mana su. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Fanisau, a garin da ya zama ribaɗi tun zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ya ga jajayen rawunansu da rigunansu masu ja da kore. Ikon dogari aro ne daga sarki, shi ya sa ake gusa masa ko bai buɗe baki ba.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun bar dogarai a hannun sarakuna. A shekarun 1920 ne aka fara zaɓar wasu ana yi musu horon fareti da kaki a ƙarƙashin En'e, aka kira su 'yan gadi, daga baya sunan 'yan doka ya bi su. A gefe guda kuma akwai rundunar gwamnatin Turawa, wadda tushenta ya koma ga wasu dakarun Hausawa da aka ɗauka aiki a Ikko a shekarun 1860, kuma a 1930 aka haɗe ta Arewa da ta Kudu suka zama rundunar Nijeriya guda. Su ne Bahaushe ya dubi kulkin da ke rataye a ƙugunsu ya ce musu 'yan sanda. Saboda haka akwai zamanin da kakanninmu suke rarrabe mutum uku: dogari na sarki, ɗan doka na En'e, ɗan sanda na gwamna. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta yanke shawarar rushe rundunonin En'e, aka shigar da 'yan doka cikin rundunar tarayya. Sunan ɗan doka ya koma bakin tsofaffi, ɗan sanda ya gaje filin.

A nan ne muke so mu daɗe kaɗan. A cikin sunaye biyun nan, ɗaya yana nuna abin da mutumin yake tsaye a kai, wato doka. Ɗayan yana nuna abin da yake riƙe da shi, wato sanda. Wanda ya rayu shi ne na sanda. Kada mu yi saurin cewa an yi asarar suna mai kyau, domin dattawan da suka ga siyasar shekarun 1950 za su gaya mana abin da magoya bayan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, suka sha a hannun 'yan doka, na kamu da ɗauri da bulala. Kyan suna bai hana mugun aiki ba. Harshenmu ma kamar ya san da haka, don kuwa da ɗan sauyin karin murya, doka ta shari'a sai ta koma doka ta "ya doka masa sanda".

Ita kanta sanda ba fuska ɗaya gare ta ba. Akwai sandar makiyayi, wadda yake nuna wa garke hanya da ita ya kuma kore musu kura. Akwai sandar makaho da ta tsoho, abin dogarawa. Akwai wadda liman yake riƙewa a kan mumbari ranar Juma'a. Akwai sandar girma da ake miƙa wa sarki ranar naɗi, har ake cewa sarki mai sanda mai daraja ta ɗaya. Sannan akwai sandar duka. A cikin waɗannan duka, wacce ce take faɗo wa yaron aji uku idan ya ji an ce ɗan sanda? Mun san amsar, kuma mun san akwai hannunmu a ciki.

Zuriyar kalmomin ba ta tsaya nan ba. Mun ari kurtu da kofur da saje da sufeto da caji ofis da beli, muka Hausantar da su har ba a jin baƙuncinsu. Muka ƙirƙiri ɗan sandan ciki da jami'an farin kaya da 'yan kwantar da tarzoma. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna da jandarma daga Faransanci. 'Yan banga sun fara ne a matsayin matasan da ke gaba wajen kare jam'iyya, ga shi yau sunan yana iya nufin masu tsaron unguwa, yana kuma iya nufin 'yan tayar da hankali. A Kano an ƙara Hisba, wadda aka kafa hukumarta da doka a 2003, sai kuma Karota a kan tituna. Yaron da ke tafiya makaranta daga Bachirawa ko Rijiyar Zaki yana iya wuce kaki iri uku kafin ya iso ƙofar aji, kuma a wurinsa duk abu ɗaya ne: mutumin da ake gudu.

Ga inda abin ya shafe mu. Sau nawa uwa take cewa "yi shiru ko in kira ɗan sanda"? Sau nawa mu malamai muke maimaita wannan barazana a aji? A wata makaranta da muka koyar, mun tarar yara sun raɗa wa malamin ladabtarwa suna Ɗan Sanda. Mutumin kirki ne, shi ne yake fara zuwa kuma shi ne yake rufe ƙofa, amma yara ba su taɓa ganinsa hannu sake ba. Wata rana wata yarinya 'yar aji biyu ta ɓace hanya bayan tashi. Da aka same ta da magariba a bayan wani kango, ta ce ta hango masu kaki a bakin titi, sai ta ɓuya don kada su kama ta. Mutanen da ya kamata ta ruga wurinsu su ne ta guje wa. Wanda ya tuna yaran Kano da 'yan sanda suka ceto daga Onica a 2019 bayan an sace su, ya san wannan tsoro ba abin wasa ba ne.

Ba muna cewa mu yi wa yara ƙarya ba. Suna gani da idonsu abin da ake miƙawa a shingen hanya, suna jin manya suna cewa an rubuta beli kyauta ne amma ba a fita hannu banza. Gyaran wannan yana wuyan hukuma, kuma muna da bakin faɗa a matsayinmu na ƙungiya. Amma akwai wanda yake wuyanmu. Mu daina tsorata yaro da ɗan sanda, mu kuma roƙi iyaye a taron iyaye da malamai su daina. A darasin Hausa da na zaman jama'a, mu ɗauki kalma ɗaya irin wannan mu baje ta a allo, yara su kawo ma'anonin sanda da kansu, su tambayo kakanninsu wane ne ɗan doka. A nan ma za su koyi bambancin sanda da sanɗa, su ga abin da ƙugiya ɗaya take yi wa ma'ana. Shugabannin makarantu kuma su nemi ofishin 'yan sanda mafi kusa ya turo jami'i, mace ko namiji, ya zauna da yara ya amsa tambayoyinsu.

Na ƙarshe ya fi wuya, domin mu ma masu sanda ne. Hukumar farko da yaro yake haɗuwa da ita a wajen gidansu ita ce malamin aji. Idan ya koya daga gare mu cewa mai iko shi ne mai duka ba tare da bayani ba, da wannan fahimtar zai girma. A cikin yaran da ke zaune a gabanmu yau akwai waɗanda za su sa kaki gobe su tsaya a kan hanyar Katsina, kuma yadda za su riƙe kulki yana da alaƙa da yadda suka ga mun riƙe bulala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana, ya shirya mana yaranmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.