In Za a Janye Kayan Aiki, A Yi Wa Masu Shi Shela



Maganata a yau kan wata manhaja ce mai suna Epi Info, wadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, watau CDC, ta fito da ita tun 1985, tana kuma bayar da ita kyauta. Shekara da shekaru likitoci da jami'an lafiya na ƙasar nan suna tattara alƙaluman annoba da ita, suna rubuta kundin bincike. To, hukumar ta ba da sanarwa cewa bayan 30 ga Satumba 2025 ta daina gyara ta, ta daina amsa tambayar masu aiki da ita. Manhajar ba ta daina buɗewa ba, amma ta zama marainiya: ran da ta ƙi aiki a sabuwar kwamfuta, babu wanda za a kai wa kuka.

Ba na musun haƙƙin mai abu ya ajiye abinsa. Tambayata ita ce, wa ya ji? Sanarwar da aka liƙa a shafin intanet da Turanci za ta iske malamin jami'a. Ma'aikacin lafiya a ƙauyen Gwaram, wanda sai ya shigo Birnin Kudu yake samun intanet mai ƙarfi, shi kuwa sai aiki ya tsaya masa cik sannan ya sani.

Ku dubi yadda masu NumPy, manhajar lissafin kimiyya, suka yi. Da suka ƙudura cire wasu tsofaffin sunayen umarni, sai suka sa gargaɗi a cikin manhajar kanta tun Janairun 2021. Duk wanda ya kira tsohon suna, sai rubutu ya bayyana a gabansa, ya gaya masa abin da zai sa a madadinsa. Ba su cire ba sai Disambar 2022. Kusan shekara biyu ke nan, kuma saƙon ya tarar da mutum a bakin aikinsa, kamar yadda sanƙira ke bi unguwa-unguwa ba ya jiran a zo fada a tambaya.

Mu kam mun ɗanɗana kishiyar wannan. An yi shelar sauya takardun naira ran 26 ga Oktoba 2022, aka yanke wa'adi 31 ga Janairu 2023, alhali sababbin ba su wadata ba. Ciniki ya tsaya a kasuwanninmu, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris.

Saboda haka, ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, in canji irin wannan ya iso teburinku, ku fassara shi da Hausa, ku faɗi rana, ku faɗi madadi, ku aika mutum takanas zuwa ƙananan asibitoci. Wanda kuma yake da alƙaluma a cikin Epi Info, ya fitar da su zuwa Excel ko CSV a makon nan, ya ajiye kwafi biyu, ya fara koyon R, domin ita ma kyauta ce.