Hanta Da Abin Da Mu Ke Ci

Yau za mu yi magana a kan hanta. Kowa ya san ta a teburin mahauci, amma kaɗan ne suka san aikin da ta ke yi a cikin jikinsu.

Hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ta babban mutum nauyinta ya kai wajen kilo ɗaya da rabi. Yawancin abin da mutum ya ci, in ya narke a hanji, sai ya shiga jini. Jinin nan kuwa ba ya zuwa ko'ina sai ya bi ta hanta tukuna. Watau ita ce sarkin ƙofa, ba kayan da za su shiga gari sai ta kwance ta duba. Abin da ke da amfani ta gyara shi, waninsa ta ajiye domin gobe. Abin da ke da dafi ta karya ƙarfinsa, ta kore shi ta fitsari, ko kuwa ta ruwan matsarmama ya fita da bayan gida.

To, amma akwai dafin da ya fi ƙarfinta. Mafi kusa da mu shi ne na funfuna, wadda ke kama gyaɗa da masara da dawa in an adana su da danshi. A shekarar 1960, a Ingila, talotalo wajen 100,000 suka mutu. Da aka bincika, sai aka tarar an ba su tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil, funfuna ta kama ta. Daga nan ne masana suka gano dafin, suka sa masa suna afulatosin. A 2004 kuma, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu sabo da cin masara mai wannan dafi.

Ku lura da abu biyu. Na fari, wuta ba ta kashe shi. Ko an soya, ko an tafasa, yawancinsa yana nan. Na biyu, ba lalle ne ya kwantar da mutum nan da nan ba. Kaɗan yau, kaɗan gobe, yana cin hanta shiru, har bayan shekaru ya zama sankara. Wanda kuwa ya riga ya ɗauki ciwon hanta irin wanda likitoci ke kira B, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau da yawa. Wannan ciwo yana da allurar rigakafi, sai ku kai 'ya'yanku tun suna jarirai.

Ga abin da ya wajaba ga ko wane maigida. In ka cire gyaɗa, ka shanya ta a kan tabarma, kada ka zube ta a ƙasa. Ka bar ta ta bushe sarai, har in ka girgiza ka ji ƙwaya tana motsi a cikin ɓawo. Ka tsince wadda ta yanƙwane, da wadda ta sake launi, da wadda ƙwaro ya huda. Kada ka ce asara ce, ka ba mata su yi ƙuli-ƙuli da ita, gama yaranka ne za su ci. Kada kuma ka ba saniyar tatsa, domin dafin yana bi ta cikin nono. Rumbu kuwa a ɗaga shi bisa duwatsu, a gyara jinkarsa kafin damina.

Ban da funfuna, giya da burukutu suna ƙona hanta, har ta ƙandare ta kasa aiki. Yawan kitse da zaƙi, ga wanda ba ya motsa jiki, su ma suna tara mata mai.

Wataƙila wani ya zo muku da kwalba, ya ce maganin wankin hanta ne. Ku riƙe kuɗinku. Hanta ba tukunya ba ce da za a wanke. Ita ce mai wanke jini, kuma jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba ƙarin kaya ne a kanta. In ka ga idonka ya yi rawaya, ko ciki ya kumbura, ka tafi asibiti kada ka jinkirta.

Hanta tana da haƙuri. In an ɗauke mata abin da ke cutarta da wuri, takan warke da kanta. In kuwa ta riga ta ƙandare, gyaranta da wuya. Sabo da haka kowa, in ya koma gida, ya fara da duba rumbunsa.