Lafiyar Ma'aikaci: Abin da Za Ku Tambayi Mai Neman Ƙuri'arku

 

Yau maganar lafiyar ma'aikaci a wurin aikinsa za mu yi. Na san wani zai ce, mu da muke ƙauye muna fama da fartanya, ina ruwanmu da ma'aikatan birni? To, ku dubi gidajenku. Gida nawa ne a garin nan ba shi da ɗa ko ƙane da ya tafi cin rani? Wani yana kamfanin jima a Sharaɗa ko Challawa a Kano, wani yana ɗaukar siminti a wurin gini a Abuja, wani yana gadi a Legas, wani yana injin casar shinkafa. In yana lafiya, ku ne kuke ganin aike. In kuwa inji ya datse masa yatsu, ko tari ya kama masa ƙirji, nan ƙofar gidanku za a sauke shi, ku sayar da akuya da buhun gero ku yi jinya. Ashe kuwa maganar taku ce.

Kuma ba yau aka fara ba. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan mulki sun sa En'e ta tara ƙarti daga ƙauyukan Arewa, aka kai su aikin tilas na haƙar kuza a Jos. Sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Inugu, saboda sun tsaya a kan haƙƙinsu. Duk wata doka da ke kare ma'aikaci a ƙasar nan, sai da aka sha wuya kafin a same ta.

A zamanin nan manyan kamfanoni da bankuna da wasu ma'aikatu sun fito da abin da suke kira shirin kula da lafiyar ma'aikata. Sau ɗaya a shekara a ɗauko likita ya yi lacca, a auna jini, a raba riga da hula masu tambarin kamfani, a yi tattaki, a ɗauki hoto. Ba mu ce babu amfani ba, don awon hawan jini yakan ceci rai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku zaunar da ɗanku in ya zo gida, ku tambaye shi abin da yake so. Ga abin da za ku ji.

Na farko, yana so a tsare shi daga abin da zai ji masa ciwo. Rigakafi ya fi magani. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ce lalle a yi wa inji mai haɗari shinge, a sami iska da haske a wurin aiki, a ajiye ruwan sha mai tsabta da akwatin taimakon gaggawa, a ba da kayan kariya inda aikin ya bukata. Mai aikin jima yana so a ba shi safar hannu da takalmin roba kafin sinadari ya cinye masa fata. Mai aiki cikin ƙurar auduga ko ta siminti yana so a ba shi abin rufe hanci, a kuma rage ƙurar. Laccar likita ba za ta fid da ƙurar da ta riga ta shiga huhu ba.

Na biyu, yana son magani, shi da iyalinsa. Mutumin da ya bar ɗa kwance da zazzaɓi, ba kuɗin asibiti, jikinsa ne kawai a bakin inji, kuma a irin wannan rana ce ake jin ciwo. A 2005 aka soma shirin inshorar lafiya na ƙasa, inda ma'aikacin da aka yi wa rajista yake samun magani tare da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A 2022 aka yi sabuwar doka da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. To amma leburan da ake biya kullum-kullum, wanda ko takardar ɗauka aiki ba a ba shi ba, wa ya rubuta sunansa? Mafi yawan 'ya'yanmu kuwa a wannan layi suke.

Na uku, yana son diyya in tsautsayi ya faɗa masa. Ku kasa kunne a nan, don da yawa ba su sani ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF. Daga aljihunsa zai biya, haramun ne ya yanka daga albashin ma'aikaci. Daga wannan asusu ne ake biyan wanda ya ji rauni, ko ya kamu da cuta saboda aikin, ko iyalin wanda ya rasu. Har haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida yana ciki. Sai dai a sanar da mai kamfani cikin kwana 14. Ku gaya wa 'ya'yanku wannan, kada a sallame su da kuɗin mota da "Allah ya sawwaƙe".

Na huɗu, yana son hutu. Ko jaki akan sauke masa kaya. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da albashinsa, muddin likita ya ba da takarda. Ta ba mace mai ciki mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini. Iyaye mata, wannan naku ne, ku riƙe shi.

Na biyar, yana so a rufa masa asiri, a kuma yi shawara da shi. Ma'aikata da yawa suna gudun awon da kamfani ya kawo, don tsoron kada a ga ciwon suga ko hawan jini a nemi dalilin korarsu. Abin da likita ya gani ya tsaya tsakaninsa da mai jikin. Sa'an nan a bar ma'aikata su sami ƙungiya da wakilai, don wanda yake tsaye a bakin inji shi ya san haƙorin da ke cizo.

Kada ku ce duk wannan na birni ne. Gona ma wurin aiki ce. Yaro nawa kuka gani yana feshin maganin ciyawa da ƙafa ba takalmi, hanci a buɗe, ya gama ya ci tuwo bai wanke hannu da sabulu ba? Ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Masu haƙar zinariya suna kai dutse gida ana dakawa, ashe akwai gubar dalma a ciki. Yara fiye da 400 suka rasu. Cutar wurin aiki takan bi mutum har ɗakin matarsa.

Jama'a, kun ji dai dokoki suna nan a rubuce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsayawa a bi su. Sufeton masana'antu sai an ɗauke shi aiki, an ba shi abin hawa, sa'an nan zai iya zagawa. Asibitin ƙauye sai an sa kuɗinsa a kasafi sa'an nan a sami magani da ungozoma. Masu yin wannan kuwa su ne waɗanda za ku zaɓa. Dokokin ƙwadago a hannun Majalisar Tarayya suke. Asibitocin jiha da shirin taimakekeniyar lafiya na jiha suna hannun gwamna da majalisarsa.

Saboda haka duk wanda ya zo da kiɗa da jerin motoci yana neman ƙuri'arku, ku ba shi tabarma, ku yi masa tambaya. Me za ka yi a sa leburori da 'yan cin rani cikin inshorar lafiya? In ɗanmu ya rasa hannu a kamfani, wane ofis za mu je, kuma za ka raka mu? Sufeto nawa za ka nemi a ɗauka? Wa zai koya wa manomanmu yadda ake feshi ba a cutu ba? In shi kansa yana da kamfani ko babbar gona, ku tambayi ma'aikatansa yadda yake riƙe da su, don Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Atamfa da sabulun da za a raba muku ba za su kai baɗi ba, amma wanda kuka zaɓa shekara huɗu zai yi. Ku adana katinku na zaɓe. Ranar jefa ƙuri'a ku fito da sassafe, maza da mata, ku zaɓi wanda ya amsa tambayoyin nan a gaban jama'a. Lafiya uwar jiki. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a wuraren nemansu, ya maido su gida lafiya.