Bikin Yaye Ɗalibai a Miga: Rana da Mazauni



Mu da aka ɗora wa shirya bikin yaye ɗaliban sakandare a Miga, shawararmu biyu ce. Ta farko, a dubi kogi kafin a sa rana. Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, sa'ad da Kogin Haɗeja ya cika ya batse, hanyoyi suka yanke, makarantu suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Don haka a yi bikin cikin Yuli, ran Juma'a bayan an sauko, manoma na gida.

Ta biyu, kujerun gaba na iyaye ne, waɗanda suka sayar da shinkafarsu suka biya kuɗin jarrabawa. Manyan baƙi su yi mana haƙuri.

Allah ya sa mu dace, amin.